Taken Mahauta a Shirin Matan Gida

Ɗakin da na fara sauka a Kuala Lumpur ba shi da taga. A hoton da dillalin ya turo min tun ina Kano akwai taga har da labule, da wata bishiya tana leƙowa. Da na iso unguwar Setapak da akwatina sai ya hau da ni hawa na sha ɗaya, ya buɗe wani lungu da aka yanka daga falo da katako, ya ce, "Bismillah, Malam." Na ce ina tagar? Ya ce tana ɗakin maƙwabcina, ai duk gida ɗaya ne. Ɗan ƙasarmu ne kuwa, har da carbi a hannu. Na dube shi, na dubi akwatina, na yi Allah ya isa a zuci na shiga. Baƙo ko da ido makaho ne.

Sunana Nafi'u. Lakcara ne ni a wata kwaleji a gida, gwamnati ta turo ni ƙaro karatu a jami'ar da ke Jalan Semarak. A wurin 'yan'uwana ɗalibai Hausawa ni Malam Nafi'u ne, mai shadda da hula ranar Juma'a, wanda in an tambaye shi sana'ar mahaifinsa sai ya ce ɗan kasuwa ne. Ƙarya ce. Babana Iro mai kalangu ne, ya tsufa yana yi wa mahauta kiɗa a kwata da gidajen bikinsu. Kuma wallahi ba kunyarsa nake ji ba, shi da kansa ya ce in riƙa faɗin haka.

Ina aji uku na firamare ya kama ni ina kaɗa take a bayan kwanon tuwo. Bai dake ni ba, gara ma da dukan ya yi. Hannuwana biyu ya haɗa ya matse har sai da na ji a ƙashi, ya ce, "Ni na yi roƙo don kada kai ka yi. An kira ni maroƙi a gaban 'ya'yana, na yi dariya na miƙa hannu. Kai ba za a kira ka ba. Duk ranar da hannun nan ya taɓa ganga, Nafi'u, ban yafe ba." Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san nauyin kalmar nan daga bakin uba. Na riƙe ta fiye da shekara ashirin, ko teburin aji ban ƙwanƙwasa ba.

Watannin farko a ƙasar nan na koyi abubuwa da yawa. Na koyi cewa in na shiga lif wata tsohuwa za ta ja jikarta gefe ta rungume jaka. Na koyi cewa shinkafarsu ba ta riƙe cikin Bakano. Na kuma san Kaka Rahim, wani Ba'indiye Musulmi mai shagon abinci a ƙasan benenmu, irin wanda suke kira mamak, wanda ya lura ba na iya furta sunan komai sai nuni, ya riƙa ƙara min ƙwai bai ce uffan ba. Abin da yake riƙe ni shi ne wayar la'asar. In an yi la'asar a nan, hantsi ne a Kano, yayana Sule bai fita kasuwa ba tukuna, sai ya miƙa wa Baba wayarsa. Tambayar Baba ba ta canzawa. "Ka ci abinci? To wai su ba su san tuwo ba? Allah sarki, bayin Allah."

Sai korona ta zo.

Rana ɗaya aka kulle gari. Jami'a ta koma cikin kwamfuta, masallatai suka rufe, 'yan sanda da sojoji suka tare tituna, mutum ɗaya ake bari daga kowane gida ya fita sayen abinci. Waɗanda muke gida ɗaya da su suka tattara suka tafi garuruwansu tun kafin a rufe hanya, aka bar ni ni kaɗai, kuma duk suka kulle ɗakunansu masu taga. Jirage suka tsaya. Daga gida kuwa kullum na buɗe waya sai hoton wani dattijo da innalillahi a ƙasa. Limamin unguwarmu, mai shayin bakin layi, malamin da ya koya min lissafi. Ana cikin haka Baba ya fara tari. Na ce Yaya, yaya jikin nasa? Ya ce da sauƙi. Na san Bahaushe da "da sauƙi", yana bakin kabari ma ita zai ce maka. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga ni ba halin tafiya.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu samari ce guda biyu, Hafiz da Jun. Hafiz ɗan Malay ne, gashi har kafaɗa, siriri kamar bai taɓa ƙoshi ba. Jun Basine ne, in ya yi maka magana uku a rana to ya yi surutu. Kiɗa suke yi, wai rok. Hafiz yana ta nanata min daga baya cewa nasu ba irin na rediyo ba ne, na 'yan gefe ne, waɗanda ba sa neman kowa ya so su. Na ce ai kuwa buƙata ta biya. A kunnena dai kamar ana jan kwanon rufi a kan kwalta, wani yana ihu a baya. Na sha tsine musu a raina. Su uku ne da, amma mai gangarsu ya je duba mahaifiyarsa a jihar Sabah kulle ya rutsa da shi can.

Wata la'asar na fito barandar da ke tsakanin ƙofofinmu don in sami iska, na kira gida. Baba ya yi tarin da har sai da Yaya Sule ya karɓe wayar. Na zauna a ƙasa, ga bokitin shara na roba a gabana. Ban san lokacin da na kifa shi ba. Ban san lokacin da hannuna ya fara ba. Na dai farga ina kuka, yatsuna suna kaɗa taken da Baba yake buɗe kiɗa da shi in mahauta sun gama fiɗa, wanda nake ji ta katanga tun ina goye. Da na ɗaga kai sai ga Hafiz a bakin ƙofarsa, takunkumi a haɓa, ya saki baki.

"Abang," ya ce, haka suke kiran wanda ya girme su, "sake yi."

Na ce ba na kiɗa.

Ya ce, "To wannan da na ji mene ne, tari?"

Na tashi na shige ɗaki na rufe. Washegari na tarar da ƙullin abinci a rataye a hannun ƙofata, daga shagon Kaka Rahim. Jibi ma haka. Rana ta uku na kama Jun yana ratayawa, ya ɗaga hannu ya ce, "Halal lah," wato halal ne, ya juya. Babu wanda ya sake yi min maganar ganga. Da sun matsa min da na tsira. Kirkinsu ne ya ja ni, da kaɗaici, wata biyu ban zauna da ɗan'adam ba. Ran na huɗu na ƙwanƙwasa musu ƙofa da niyyar godiya kawai, sai ga jerin gangunan Turawa a kusurwar falo an lulluɓe su da zanen gado.

Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ni na zauna da ƙafata. Ban iya taka gangar da ke ƙasa da ƙafa ba, sai da Jun ya nuna min. Amma da na ɗora gwiwar hannuna a fatar babbar, na danna na saki, sai muryarta ta hau ta sauka kamar kalangu a hammata. Hafiz ya daka tsalle yana ihu. Ni kuwa daɗi ya rufe ni, daɗin da ban taɓa sani ba, kalmar Baba kuma tana zaune a ƙirjina.

Masu kula da benen sun yarda a yi ƙara daga ƙarfe huɗu zuwa shida kawai, ranar Talata da Alhamis. Daidai lokacin wayata ke nan. Sai na ce wa Baba malamin da ke duba aikina ya sa min waɗannan ranakun muna ganawa ta kwamfuta. Ya ce, "To, to, madalla. Kada ka bar malami yana jiranka saboda ni. Gaisuwa ba ta wuce karatu." Ya faɗa da alfahari, na ji yana maimaita wa Inna.

Duk sallar da na yi sai na ƙudurta gobe zan faɗa masa. Abu ɗaya nake so a duniya, in ce Baba na taɓa ganga, ya yi faɗansa, ya zage ni tas, sannan ya ce na yafe. Na san zai ce, uba ne. Sau ɗaya na kai bakin maganar. Na ce, "Baba, akwai abin da nake so mu tattauna." Tari ya sarƙe shi, da ya lafa ya ce, "Bari in ɗan warware, ɗan nan. Ai muna tare." Na ji sanyi a raina da ya ɗaga maganar, kuma wannan sanyin yana cikin abin da ba na yafe wa kaina.

Bayan ƙaramar salla aka ɗan sassauta kulle. Wata Litinin Hafiz ya shigo yana dariya har yana riƙe ciki. Gwaggonsa tana aiki a wani gidan talabijin, a shirin safe na matan gida, inda ake koyar da girki da ɗinkin labule, wani ustazu ya amsa tambayoyin zaman aure. Mawaƙiyar da suka gayyata ranar Juma'a an killace ta, sun nemi kowa sun rasa, gwaggo ta tuna tana da ɗa mai jita, ta ce su zo su yi kiɗa. Ba ta taɓa jin abin da yake kaɗawa ba. Sunan ƙungiyar tasu ma in an fassara shi Lalatacciyar Fanka ne.

Na ce ba da ni ba. Hafiz ya daina dariya. Ya ce shekara shida suna kiɗa a ɗakunan da ba su cika mutum talatin ba, mahaifiyarsa tana ce wa maƙwabta gyaran waya yake yi. "Sau ɗaya, Abang. Ta gan ni a akwatin da take kallo kullum." Sai na yi lissafin wawa. Dokar korona ta ce kowa ya sa takunkumi. Zan cire hula, in sa baƙar rigar Hafiz, ba za a faɗi sunana ba. Kuma wa ke kallon talabijin ɗin Malesiya a Kano? Na rufe fuska na manta da hannu.

Ranar Talata muka yi gwaji tun huɗu har shida, wayata tana ɗaki. Ranar Laraba na kira, Yaya Sule ya ce Baba yana barci. Na ji hayaniyar mutane a bayansa, na tambaya, ya ce 'yan dubiya ne. Muryarsa a dushe. Ya ce yaushe ne ma jarrabawar taka? Na ce mako mai zuwa zan kare aikina a gaban malamai. Ya ce, "To ka mai da hankali," ya kashe. Zuciyata ta faɗa min wani abu, na ce mata ta yi shiru.

Juma'a da sassafe muka isa. Aka auna mana zafin goshi, aka fesa mana magani har a sandunan kiɗa. Ɗakin shirin fes, kujeru ruwan hoda, furannin roba, ga wani ɗan kicin a gefe inda wata baiwar Allah take soya kifi. Masu gabatarwa mata biyu ne cikin lulluɓi mai ruwan ƙwai, murmushi ba ya barin idonsu. Kafin mu, likita ya nuna yadda ake wanke hannu. Bayanmu kuma miyar kifi ce. Aka jera mu a tsakanin kicin da wata tukunyar fulawa, wani mai ɗaukar sauti ya zo ya roƙi Hafiz ya rage ƙara, Hafiz ya ce boleh, wato ba matsala, yana juya baya ya ƙara.

Babbar cikin matan ta ce, "Yanzu kuma ga 'yan ƙannenmu za su ɗan sanyaya mana rai."

Jun ya saki jitarsa mai kauri, gilashin kicin ya ɗauki rawa. Hafiz ya kama waƙarsa ta wani mutum da ya mutu a ɗaki fanka tana juyawa a kansa kwana tara, a ƙasar da kowa yake ƙirga gawa a labarai. Na hangi mai soya kifi ta tsaya da ludayi a sama. Ustazun da ke jiran layinsa ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Gwaggon Hafiz tana bayan kyamara ta dafe kai da hannu biyu. Ƙaramar mai gabatarwar, Allah ya saka mata, tana ta ƙoƙarin tafi ta rasa inda za ta sa shi.

A tsakiyar waƙar akwai wurin da suke tsayawa su bar ni ni kaɗai. A gwaji duka kawai nake yi. Ran nan sai gwiwar hannuna ta sauka a kan fata da kanta, taken Baba ya fito, cikakke, tun daga kiran Sarkin Pawa har inda yake karya shi ya dawo, abin da duk Kano ba mai yi sai shi. Na manta da kyamara. Ina ganin kwata, da hayaƙin babbaka, da Baba cikin shuɗiyar rigarsa yana tafe da baya mahauta suna bin sa. Ban taɓa jin kusa da shi kamar lokacin ba.

Muka tsaya. Babbar ta gyara lulluɓi ta ce, "Masha Allah. Akwai ƙarfi." Ta juya ga kyamara. "To, 'yan'uwa, mu koma kan kifinmu."

A mota Hafiz yana kuka yana dariya, mahaifiyarsa ta kira ta ce ba ta gane komai ba amma ya yi kyau, sai dai ya aske gashi. Muka ci abinci a wurin Kaka Rahim, ya ce ya gan mu, abokan cinikinsa biyu sun tashi. Na hau sama raina wasai. Na ce gobe Asabar ko Baba yana barci sai an tashe shi, in faɗa masa komai.

Abin da ban sani ba, matar wani ɗalibi Bakatsine a unguwar Sri Petaling tana kallon shirin don ta koyi miyar kifi. Ta ji kiɗa ta ce wannan ai na gida ne, ta ɗauka da waya ta tura wa ƙawayenta, wai ga Bahaushe a talabijin ɗin Malesiya. Kafin azahar ta yi a Kano hoton ya gama gari.

Na idar da magariba ke nan waya ta yi ƙara. Yaya Sule ne, shi da bai taɓa kirana ba sai dai in kira. Ko sallama bai yi ba.

"Kai ne ko ba kai ba ne?"

Na ce wa?

"Kada ka raina min hankali, Nafi'u! Muna zaune a ƙofar gida wani ya kunna a waya, tsofaffin mahauta suna jin karyawar nan suka ce wannan hannun gidan Iro ne. Ga ni a zaune a gabansu. Saura wa? Ubanka yana kwance a ƙasa, yau sadakar uku, mutane sun cika layi, kai kana can kana yi wa duniya kiɗa!"

Na ce, "Yaya, wane uban?"

Sai a lokacin ya tuna ban sani ba, su suka ɓoye min. Dattawan gida ne suka yanke a bari sai na gama jarrabawa, wai ina ni kaɗai a ƙasar mutane kada in zauce. Haka ake yi wa na nesa a wurinmu, ni ma an sha haɗa baki da ni an yi wa wasu. Ya fara cewa, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwana," muryarsa ta karye. Na zame a jikin katakon ɗakin ina innalillahi, ban san sau nawa ba.

Na ji ana ja-in-ja da wayar, sai muryar Inna. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, "Nafi'u, sai haƙuri. Ya tafi cikin sauƙi, da kalmar shahada."

Na ce yaushe?

"Talata, bayan azahar. Da hantsi ya ce a kira masa kai. Sule ya ɗauko waya, sai ya ce a'a, yau Talata, yana gaban malaminsa, ku bar shi."

Na cusa hannu a baki don kada ta ji abin da ya fito daga ƙirjina. Ta bar ni na yi mai isata. Ta san komai yanzu, ta ga hoton, ta ji taken mijinta daga hannun ɗan da aka hana. Tambaya ɗaya ta rage min, na daɗe kafin na iya haɗa ta.

"Inna, ya yafe min?"

Inna ba ta iya ƙarya ba, ko ta lallashi.

"Ya tara mu ya yafe wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, har da ni. Sule ya ce, Baba, saura Nafi'u. Sai ya yi murmushi ya ce, Nafi'u kuma? Yaron da bai taɓa saɓa min ba, me zan yafe masa?"